An Ce Giwa Ce Ta Kashe Shi

Laraba, 8 ga Oktoba, bayan la'asar

Yau kwana uku. Masu ta'aziyya sun fara raguwa. Na tsinci wannan littafin a jakar makarantar 'yata Husna, rabinsa lissafi ne, sai na juya shi ta baya na fara. Takaba ta zaunar da ni a ɗaki, bakina kuma ba ya buɗuwa a gaban mutane sai da "amin" da "na gode".

Duk wanda ya shigo maganarsa ɗaya ce: Po Meurah ne. Ko yanzu da ake cike da haushinsu, ba mai kiran giwa da sunanta kai tsaye, sunan girmamawar da kakanni suka sa musu ake faɗa, sai dai a bi shi da tsaki. Sun ce sawunsa ya zagaye gawar Bang Razali, mijina, har sau uku, a bakin gonar ayaba. Toron nan ne mai haure ɗaya. Sawunsa ba ya ɓuya, ƙafarsa ta baya a karkace take.

Ina saurarensu ina gyaɗa kai.

Alhamis, 9 ga Oktoba, da hantsi

Takalmansa na gona har yanzu suna bakin matakala. Wani ya wanke su. Ban san wane ne ba, kuma ban ji daɗi ba.

Juma'a, 10 ga Oktoba, lokacin da maza suke masallaci

Gidan ya yi shiru, bari in rubuta abin da na gani.

Kafin a sa masa likkafani na roƙi a bar ni ni kaɗai da shi. Liman ya ɗan yi jim, sannan ya fita. Na taɓa ganin wanda giwa ta taka, shekara huɗu da suka wuce, mijin wata 'yar uwar babanmu. A tabarma aka naɗo shi, ba a bar matarsa ta buɗe ba. Bang Razali kuwa kamar barci yake. Na shafa ƙirjinsa, na bi haƙarƙarinsa ɗaya bayan ɗaya. Ba abin da ya karye. Gashinsa ma a kwance.

Akwai wani abu a tafin hannunsa na dama, da wani a ƙwaurinsa. Na rufe su da zani.

Da liman ya dawo ya dube ni, na dube shi. Shi ya yi wankan. Ya sunkuyar da kai ya ce in yi haƙuri, Allah Ya san komai.

Lahadi, 12 ga Oktoba, bayan azahar

Sadakar bakwai. Mak, mahaifiyata, ita ta tsaya kan tukwane tun asuba duk da ciwon gwiwarta. An dafa shinkafa da naman akuya, an ci, an yi addu'a.

Ƙanena Jailani bai shigo ɗaki ba. Shi ya ɗauko itace, shi ya jera kujeru, shi ya wanke faranti a tsakar gida, aikin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi. Mata suna ta yabonsa, wai dubi yadda rashin surukinsa ya kwarzane shi, ai shi ya fara ganin gawar, dole abin ya tsaya masa. Matarsa Nurbaiti ta zauna kusa da ni da cikinta wata takwas, tana ta ba ni ruwa. Ita ba ta san komai ba. Ina gani a fuskarta ba ta sani ba.

Ta taga na hango shi. Ya rame cikin kwana bakwai kamar wanda ya yi wata a kwance.

Talata, 14 ga Oktoba, da yamma

Mutanen ofishin kula da namun daji sun zo, su uku. Babbansu Pak Syahrul, wani gajere mai furfura, ya cire hula ya zauna a bakin ƙofa, ni ina bayan labule. Ya yi ta'aziyya mai kyau. Ya tambaya ko mijina ya saba korar giwaye.

Na ce masa a'a. Na ce duk garin nan an san Bang Razali da abin da ake masa dariya a kai. Layin ayaba na ƙarshe, wanda ke bakin daji, ba ya sare shi, wai rabon masu wucewa ne. Toron nan kuwa Kawu yake ce masa. In sun yi kiciɓis sai ya tsaya ya ce, "Kawu, ka ci naka ka bar mini nawa, ina da 'ya a makaranta." A shagon kofi har tsokanarsa suke, wai yaushe Kawun naka zai zo ɗaurin auren Husna, a tanadar masa kujera.

Pak Syahrul ya yi dariya kaɗan. Ya ce shekara ashirin yana bin wannan toron, bai taɓa jin ya taɓa mutum ba. Ya tambaya ko akwai wani abin da nake son ƙarawa.

Dagaci yana tsaye a tsakar gida yana ji. Na ce babu.

Laraba, 15 ga Oktoba, da safe

Na ce babu.

Juma'a, 17 ga Oktoba, bayan la'asar

Ruwa tun jiya. Ina zaune ina kallon tudun da ke ƙetaren kogi. Da ina yarinya ba a ganin ƙasar tudun nan, itatuwa ne har sama, da safe hazo ya kwanta a kansu, birai suna ta kira. Babanmu yana nuna mana hanyar da giwaye ke bi su sauka wurin gishirin bakin kogi, sau biyu a shekara, su koma. Ba mai noma a kan hanyar. Yanzu tudun jan ƙasa ne da layukan kwakwar manja na kamfani, an haƙa rami mai zurfi an zagaye su. Giwayen sun zo sun tarar da rami, suka juyo ta wajenmu. Mu ma kuma mun haura da gonakinmu, gaskiya ce. Gonar Jailani da rabin tamu duk a kan tsohuwar hanyar suke. Ina za mu je? Ƙasar da ke kwari ta ƙare tun zamanin babanmu.

Sau uku suka cinye masarar Jailani a bana. Na ukun saura mako biyu a karya. Ya zo nan ya zauna a matakala yana kuka kamar yaro, ya ce ya buga bindigar gora har kunnensa ya toshe, ya ƙona taya, ya kaɗa gwangwani, suna tsaye suna ci suna kallonsa. Bang Razali ya ba shi buhun shinkafa biyu. Ya kuma ce masa abu ɗaya ne bai yarda a yi a kan iyakarsu ba, ko da wasa.

Na tsaya nan. Hannuna ya gaji.

Litinin, 20 ga Oktoba, bayan azahar

An yi taro a masallaci. Husna ta je ta tsaya ta waje ta dawo mini da labari. Mutane sun ce ko hukuma ta ɗauke toron, ko su su san yadda za su yi da shi. An rubuta takarda, kowa ya sa hannu, an ce sunana ne zai zama na farko tunda ni ce matar mamaci. Husna ta kawo mini takardar da biro.

Na ce ta ajiye zan duba. Ta ce me za a duba, Mak (haka ita ma take kirana), shi ya kashe Ayah, wato babanta. Idonta ja. Shekararta goma sha shida, tun ranar ba ta yi kuka a gabana ba.

Na sa hannu.

Alhamis, 23 ga Oktoba, da hantsi

Mak ta zo ita kaɗai, ta rufe ƙofa. Ta daɗe tana gyara mini gashi, kamar lokacin da nake ƙarama. Can ta ce Jailani ba ya cin abinci. Ta ce Nurbaiti saura mata makonni. Ta ce wani mutum a ƙauyen gaba da aka kama da irin wannan abu shekara uku aka yanke masa, kuma shi giwa ce ta mutu, ba mutum ba.

Ban tambaye ta wane irin abu ba. Ba ta faɗa ba.

Da za ta tashi ta riƙe hannuna ta ce, "Marhamah, wanda ya tafi ya tafi. Kada ki sa in rasa biyu."

Na ce, "Mak, ni ban ce komai ba."

Ta ce ta sani. Ta ce shi ya sa ta zo, don ta ga shirun nawa ya fara nauyi.

Asabar, 25 ga Oktoba, da yamma

Na dafa kofi biyu da safe. Sai da na ɗauko na biyun na tuna.

Laraba, 29 ga Oktoba, bayan la'asar

Mutanen Pak Syahrul sun iso da horarrun giwaye biyu na gida a babbar mota, da masu hawansu, da likita mai bindigar allurar barci. Yara sun bi su har bakin daji. Garin kamar ana biki. Matar dagaci ta leƙo ta ce in kwantar da hankalina, an kusa share mini hawaye.

Bari in rubuta, ko zan samu in yi numfashi.

Ranar Asabar, kwana biyu kafin abin, Bang Razali ya tafi kasuwa da ayaba. Jailani ya zo ya ce in ara masa filaya da naɗin wayar nan da ke rataye a ƙarƙashin gida, tunda gidajenmu a kan dirkoki suke. Na tambaye shi me zai yi da su. Ya ce kejin kaji zai gyara. Jailani ba shi da kaji. Na san ba shi da kaji, ni na sayi na ƙarshen a hannunsa. Na kuma ga batirin mota ɗaure a bayan babur ɗinsa, da wani akwati na ƙarfe da ban san sunansa ba amma na san aikinsa, kowa a nan ya sani, wutar lantarki yake sa wa wayar da aka zagaye gona da ita.

Na shiga ƙarƙashin gida na ɗauko na ba shi. A raina na ce ɗan tsoratarwa ne kawai, su ji zafi su canza hanya, yaron nan ya samu ya girbe ko kwando goma kafin matarsa ta haihu. Na ce zan gaya wa Bang Razali da daddare. Ya dawo a gajiye, ya ci abinci ya kwanta. Na ce gobe. Washegari muka je suna. Ranar Litinin ya idar da sallar asuba ya ce bari ya leƙa ko Kawu ya zo. Raɓa ta jiƙe ciyawa sharkaf. Ina tsaye a bakin murhu na ji fitarsa. Bakina a buɗe yake, wallahi a buɗe yake, sai na ce bari ya dawo tukuna, kada in ɓata masa safiya.

Jailani ne ya fara zuwa. Ya naɗe wayar ya jefa a kogi kafin ya kira mutane. Ba wanda ya gaya mini, amma na sani, ƙunar wayar ce na gani a tafin hannun mijina da ƙwaurinsa. Toron kuwa ya zo ya tarar da mutum kwance, ya zagaya shi, ya zagaya, ya tafi.

Alhamis, 30 ga Oktoba, da safe

Na karanta abin da na rubuta jiya. Na so in yage, ban yage ba. Na sa littafin a cikin buhun shinkafa.

Asabar, 1 ga Nuwamba, bayan azahar

Kwana uku suna bin toron ba su same shi ba. Ina addu'a, amma ban san me nake roƙo ba.

Litinin, 3 ga Nuwamba, da yamma

Sun kama shi.

Talata, 4 ga Nuwamba, bayan la'asar

Motar da za ta ɗauke shi ta kafe a laka, don haka suka ɗaure shi a jikin bishiyar durian da ke bayan makaranta. Daga tagar ɗakina ana hango wurin in an ɗaga labule. Na ce ba zan ɗaga ba. Na ɗaga.

Ya fi yadda nake zato tsufa. Fatarsa ta saki, ƙashin bayansa a fili. Sarƙa a ƙafafunsa biyu, ta ci naman ƙafar nan karkatacciya har jini. Yana ta kaɗa jiki gaba da baya, gaba da baya. An zuba masa ganyen ayaba bai kalla ba. Mutane sun kewaye shi suna ɗaukar hoto, wani yana sayar da ƙanƙara.

Sai na ga Husna. Ta ratsa mutane ta wuce igiyar da aka ja. Ta duƙa ta ɗauki dutse, babba, da hannu biyu, ta jefa. Ya same shi a ƙasan ido. Bai ko motsa ba, ya dai lumshe idon. Ta sake ɗauka. Pak Syahrul ne ya riƙe hannunta, a hankali, ya yi mata magana, ya rako ta har ƙofar gida.

Ta shigo ta faɗa kaina. Yau ta yi kukan. Tana cewa, "Mak, Ayah yana ba shi ayaba fa. Yana ba shi ayaba."

Na rungume ta. Can nesa da taron, a gindin katangar makaranta, Jailani na tsugune da kansa tsakanin gwiwoyi.

Laraba, 5 ga Nuwamba, da hantsi

An tafi da shi. Giwayen gida biyu suka tura shi cikin mota. Kukan da ya yi har kwanukan kicin suka amsa.

Litinin, 10 ga Nuwamba, bayan azahar

Sauran garken sun shigo gonar dagaci jiya, su tara da ƙanana. Ɗauke toron bai rage komai ba. Maƙwabciyata ta ce yanzu mutum huɗu sun sayi batir, ana faɗa a shagon kofi ba a ko rage murya. Ta ce ai gara a tsare kai, kin ga abin da ya sami naki.

Hanyar da yara ke bi su je kogi ta gefen gonakin nan take.

Alhamis, 13 ga Nuwamba, da safe

Nurbaiti ta haihu jiya, namiji. Jailani ya ce Razali za a sa masa. Mak ta aiko a gaya mini, wai ko zan ji sanyi.

Na yi amai a bayan gida.

Asabar, 15 ga Nuwamba, bayan la'asar

Na gaya wa Husna. Ban iya da baki ba, na ciro littafin daga buhun shinkafa na buɗe mata ranar 29 na fita tsakar gida. Na share wurin da ba datti. Na ba kaji abinci sau biyu.

Da na dawo tana zaune littafin a cinyarta. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta tambaye ni abu ɗaya: lokacin da ta kawo mini takardar taro, na riga na sani? Na ce na sani. Ta ce lokacin da ta ɗauki dutse fa, ina kallo? Na ce ina kallo.

Ta tashi ta kwashi kayanta ta koma ɗakin baya.

Lahadi, 16 ga Nuwamba, da yamma

Ba ta yi mini magana ba.

Talata, 18 ga Nuwamba, bayan magariba

Sadakar kwana arba'in da huɗu, kamar yadda al'adarmu take a nan. Da mutane suka watse na aika a kira mini Jailani. Karo na farko ke nan da ya hau matakalar gidan nan tun ranar. Ya zauna a bakin ƙofa bai shigo ba.

Na shirya maganganu da yawa, duk suka gudu. Na ce masa gobe zan je gari wurin Pak Syahrul, liman ya ce mai takaba tana iya fita in lalura ta kama. Na ce zan fara da kaina, ni na ɗauko wayar na miƙa. Na ce ban kira shi don neman izini ba, na kira shi ne don kada ya ji a bakin wani.

Ya ce tun ranar bai yi barcin kirki ba, ko jaririn ya kasa ɗauka. Ya ce niyyarsa kullum ya kashe batirin kafin asuba, ranar ne barci ya ɗauke shi a bukka. Minti nawa ne, Kak, yayata, ya ce, minti nawa ne.

Sannan ya tambaye ni ƙarfe nawa zan fita. Na ce bakwai. Ya ce motar haya ba ta zuwa sai tara.

Laraba, 19 ga Nuwamba, bayan isha'i

Ƙarfe bakwai saura na ji babur a ƙofa. Ya sa farar rigarsa ta sallar idi. Ya ce, "Kak, hau." Husna ta fito daga ɗakin baya da mayafinta ta hau tsakaninmu.

Mun biya ta ƙofar Mak, don ba wata hanya. Tana tsaye a bakin titi kamar ta kwana a wurin. Na zaci za ta tare mu. Ba ta dube ni ba sam. Ta miƙa wa Jailani ƙunshin shinkafa a ganyen ayaba, ta gyara masa wuyan riga, ta juya.

Pak Syahrul ya saurare mu har ƙarshe bai katse mu ba. Jailani bai bar ni na fara ba. Da na faɗi nawa, aka rubuta, aka ce za a neme ni. Ya ce zai tura mutane garin namu yau a bi gonaki a kwashe wayoyin. Ya ce dole ya raka Jailani wurin 'yan sanda, amma zai shaida cewa da ƙafarsa ya zo.

Husna ce ta tambaya game da toron. Ya ce yana sansanin giwaye, ƙafar ta kumbura amma ya fara cin rake. Ƙasan idon da dutse ya samu ya warke. Ta ce to tunda yanzu an san ba shi ba ne, yaushe za a mayar da shi?

Pak Syahrul ya juya ya dubi taswirar da ke bango. Ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "'Yata, in mayar da shi ina?" Ya ce gefen dajin da aka kamo shi, katafila ta shiga tun makon jiya, da takardar izini.

Jailani ya ba Husna makullin babur. Ya ce ta kula da birkin baya. Ƙunshin shinkafar ya bari a kan benci, na ce ya ɗauka, ya ce ba zai iya haɗiya ba. A hanya muka ba wani tsoho mai gyaran taya.

Husna ta tuƙo mu. Wajen gada ta ce in riƙe ta da kyau. Maganarta ta farko gare ni ke nan cikin kwana huɗu.

Mak na zaune a bakin ƙofarta da jaririn a hannu. Ta ga mu biyu ne a kan babur. Ba ta tambayi ina yake ba, ba ta tambayi shekara nawa ba. Na sauka na durƙusa a gabanta. Ta dubi saman kaina ta ce, "Ya ci abincin?"

Na ce ya ci.